Kati Mai Ruwan Ɗorawa

Rumasa'u ce ta yanki tikitin.
Wai tun tana goye nake mata tatsuniyar giwa,
ni da ban taɓa ganin giwa ba sai a jikin ledar omo.
"Baba, bana sai ka ga ta gaske,
a Tanzaniya, cikin mota mai buɗaɗɗen kai."
Na ce, safara na sani, 'yar nan,
albasa daga Aliero zuwa Mile 12,
shekara talatin da huɗu.
Shi wannan safari, me ake sarowa?
Ta ce, kallo.

Ran Talata muka nufi Ikeja.
Gosulo ya riƙe mu a Ojota har rana ta take tsaka,
danfo na haki, kwandasta na rantsuwa ba shi da canji.
Ɗakin allura sanyi kamar cikin randa.
Madam Adunni ta ce in naɗe hannun riga,
ta tsaya kan tabon lamba a dantsena,
wanda aka yi min a gindin tsamiya ina ɗan bakwai,
bayan na yi gudu har fadama kafin a kamo ni.
Ta ce, yau fa ƙofa a rufe take.
Ta soka. Cinnaka ma ya fi ta mugunta.
Ta buga hatimi a kati mai ruwan ɗorawa:
na shawara ne, adana shi tare da fasfo,
sai ya kwana goma ake yarda da shi.

Sannan ta turo ƙwayoyi.
Na zazzaɓin sauro, in ji ta. Fara kafin ka tashi,
ka sha a can, ka ci gaba bayan ka dawo.

Na yi dariya har hulata ta karkace.
Sauro? Ni?
Ni da na kwana a Ijora kan katako, ruwa na bi ta ƙasa?
Sauron Ikko ya san ni da suna,
kaka da jika sun ƙoshi a ƙaurina,
yana min goge a kunne har kiran assalatu
ban taɓa liƙa masa ko sisi ba.
Yanzu a ce in ji tsoron baƙo?

Madam ba ta tanka ba.
Rumasa'u ce ta dube ni, irin kallon uwarta.

Sha'aibu.
Yayanta da ba ta tarar ba,
shekara uku da wata biyu.
Jikinsa ya yi zafi ran Alhamis, muka ce ruwa ne ya dake shi,
muka tafasa darbejiya.
Gidan sauro na rataye a shagon Baba Lasisi,
na ce bari a sayar da albasa tukuna.
Ran Lahadi na ɗauke shi zuwa maƙabartar Agege.
Ni da na san nauyin kowane buhu da ido,
har yau ban san yadda zan auna wannan ba.

Giwa ba ta taɓa min komai ba.
Zaki bai san layinmu ba.
Wanda ya shigo ya ɗauka
tafi ɗaya ke kashe shi.

Na gyara hula.
Na ce, Madam, kafin abinci ko bayan abinci?
Ta rubuta a jikin kwalin, manya-manya.

Da muka fito ruwa ya tsuge,
kwatar Oshodi ta cika ta tumbatsa,
kowane gwangwani ya zama ɗakin haihuwa.
Na tsaya gun mai tebur ƙarƙashin gada,
ban yi ciniki ba, abin da ban saba ba,
na sayi gidan sauro biyu.
Ɗaya na akwati.
Ɗaya na tagwayen Maman Chinedu, ɗakin da ke jikin nawa,
waɗanda nake jin tarinsu ta bango.

A mota Rumasa'u ta ce, in ka ga giwar me za ka ce mata?
Na ce, zan gaishe ta,
in tambaye ta ina take sayen nata.
Dantsena na zugi kaɗan-kaɗan.
Na bar shi ya yi.